Harajin Shigo da Kaya da Yadda Yake Shafar Ƙananan Sana'o'i

Harajin shigo da kaya, wanda 'yan kasuwa suka fi sani da kuɗin fito ko kuɗin kwastam, shi ne kuɗin da gwamnati ke karɓa a kan hajar da aka shigo da ita daga ƙasashen waje. A Najeriya Hukumar Kwastam ce ke karɓarsa a tashoshin jiragen ruwa irin su Apapa da Tin Can a Legas, da filayen jiragen sama, da kuma kan iyakokin tudu kamar Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba. Tsarin mulkin ƙasa ya sanya wannan haraji cikin al'amuran da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Saboda haka gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma ba ta da hurumin ƙara shi, ko rage shi, ko karɓarsa. Sai dai abin da aka tara yana shiga Asusun Tarayya, wanda ake rabawa duk wata, inda ƙananan hukumomi ke samun kashi 20.6 cikin ɗari.

Mun ga ya dace mu yi bayaninsa ne saboda akasarin masu ƙananan sana'o'i a karkara ba su taɓa tsayawa gaban jami'in kwastam ba, amma kuma suna biyan wannan haraji kullum cikin farashin zare, da fulawa, da ƙarfen walda, da kayan gyaran babur.

Yadda ake lissafa shi

Tun shekarar 2015 Najeriya ke aiki da tsarin haraji na bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, wanda ya kasa kaya gida biyar. Kayan da suka zama lalura ga jin daɗin jama'a ba a biya musu komai. Ɗanyen kaya da injuna kashi 5 ne cikin ɗari, kayan da aka fara sarrafawa kashi 10, kayan da aka gama sarrafawa kashi 20, sa'an nan kashi 35 ga kayan da ake son kare masu yin irinsu a gida. Bayan wannan, Gwamnatin Tarayya kan ɗora ƙarin haraji na musamman a kan wasu kayayyaki, kamar shinkafa da sukari da alkama da motoci. Akwai kuma harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020.

Ana lissafin ne a kan kuɗin kayan haɗe da kuɗin dako da na inshora, kuma da dala ake ƙiyasta su kafin a mayar zuwa naira. A nan ne wani abu yake da jama'a ba su cika lura da shi ba: kuɗin fito yana iya ninkawa ko da gwamnati ba ta taɓa kason harajin ba. Ga misali. A ce kwantena tana ɗauke da kayan dala 10,000, harajinsu kuma kashi 20 ne, wato dala 2,000. Idan an lissafa dala a kan naira 460, mai kaya zai biya naira 920,000. Idan kuwa an lissafa ta a kan naira 1,500, sai ya biya naira miliyan 3. Kusan haka ne ya faru bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, domin kafin nan farashin dalar da kwastam ke aiki da shi bai kai naira 500 ba, amma a Fabrairun 2024 ya haura naira 1,400.

Wanda ke biya a ƙarshe

Babban ɗan kasuwan da ya fito da kaya a Legas ba ya haɗiye harajin. Ɗora shi yake yi a kan kuɗin sari. Daga nan kayan su zo kasuwannin Singa ko Kantin Kwari ko Sabon Gari a Kano, ɗan sari ya ɗora ribarsa, sa'an nan mai tireda ko ɗan koli ya ɗauka zuwa kasuwar ƙauye. Kowane hannu yana lissafa ribarsa ne a kan farashin da harajin ya riga ya shiga ciki, don haka abin ƙaruwa yake yi a hanya. Na ƙarshe a wannan jeri shi ya fi shiga matsi, domin abokan cinikinsa manoma ne da ma'aikata masu ƙaramin albashi waɗanda ba za su iya biyan kowane ƙari ba. Sai ya zamana jarin da a da yake sayen katan 10 yanzu 6 yake saye, riba kuwa ba ta ƙaru ba.

Ga mai sana'ar hannu kuma, abin tambaya shi ne: a kan me aka ɗora harajin? Idan a kan irin abin da yake yi ne, to an ba shi kariya. Idan kuwa a kan kayan aikinsa ne, an ƙara masa nauyi. A 2012 an ɗora ƙarin kashi 15 a kan ƙwayar alkama da kashi 65 a kan fulawar waje, da nufin ƙarfafa amfani da garin rogo wajen yin burodi. Kamfanonin niƙa na gida sun sami kariya daga fulawar waje, amma mai gidan burodi da mai soya fanke da mai shayi su ne masu sayen fulawar. A shekarar ce kuma aka cire haraji a kan injunan noma, abin da ya kamata ya sauƙaƙa wa masu injin casa da na ban-ruwa.

Abin da ya faru da shinkafa

Babu hajar da ta nuna fuska biyu na wannan al'amari kamar shinkafa. A 2013 harajinta ya kai kashi 110 cikin ɗari. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya sanya ta cikin kayayyaki 41 da aka hana wa dala a farashin gwamnati, a ƙarshen shekarar kuma aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi. A 2016 aka hana shigo da ita ta iyakokin tudu. Daga Agustan 2019 aka rufe iyakokin, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020, wasu ma kamar Jibiya da Kamba sai a Afrilun 2022.

Manoman shinkafa a wurare irin su Kura da Argungu da Haɗeja sun amfana ƙwarai. Injunan casa sun yawaita, matan da ke turara shinkafa sun sami kasuwa, shinkafar gida kuma ta sami daraja a idon masu saye. Amma a daidai wannan lokaci mai sayar da shinkafa da wake a bakin tasha tana sayen buhu da tsada, kuma 'yan kasuwar kan iyaka masu kai dabbobi da albasa da kayan masarufi tsakaninmu da Maraɗi ko Ƙonni sun rasa hanyar abinci, alhali yawancinsu ba su da wata alaƙa da shinkafar waje.

Sai kuma al'amarin ya juya. A Oktoban 2023 Babban Bankin ya janye hanin dala, a Yulin 2024 kuma, saboda tsadar abinci, gwamnati ta yafe haraji na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Sharuɗɗan da aka gindaya, ciki har da mallakar injin da ke iya sarrafa tan 100 a rana, sun nuna cewa manyan kamfanoni ne kaɗai za su iya cin gajiyar shigowar. A 2025 farashin hatsi ya sauko. Mai saye ya sami sauƙi, manomin da ya sayi taki da tsada kuwa ya koka. A ganinmu abin da ya fi cutar da ƙaramin mai sana'a a nan shi ne saurin sauyin manufa, domin wanda ya ci bashi ya kafa injin casa bisa dogaro da kariyar bara ba shi da ƙarfin jure wa sauyin bana.

Masaƙu da fasa-ƙwauri

Haraji mai tsanani ba ya kare masana'anta idan akwai ɓarauniyar hanya. Masaƙun Kaduna da Kano sun daɗe ƙarƙashin kariyar haraji da ta hanin shigo da yadi, duk da haka masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007. Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai sun sa yadin gida ya kasa gogayya da atamfar Sin da ke shigowa ta Kwatano da Nijar. Duk lokacin da tazarar farashi ta yi faɗi tsakaninmu da maƙwabta, ribar fasa-ƙwauri ce ke ƙaruwa, kuma ɗan kasuwan da ya biya fito cikakke shi ne kayansa ke kwantai.

Abubuwan lura ga jama'a da jami'ai

Kason haraji yana sauyawa ta hanyar sanarwar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, don haka mai niyyar shigo da kaya ya tabbatar da kason da ake ciki kafin ya tura kuɗinsa. Akwai kuma jerin kayan da aka hana shigowa da su, irin su daskararrun kaji da tufafin gwanjo. Kayan da aka kama cikin wannan jeri ƙwace su ake yi. Shigo da kaya bisa ƙa'ida yana buƙatar cike takardar Form M ta hannun banki, da kuma wakilin fito mai lasisi. Ƙananan 'yan kasuwa kan haɗa kai su cika kwantena ɗaya don rage kuɗin dako, kuma akwai tashoshin tudu a Kaduna da Dala ta Kano da Funtuwa waɗanda aka kafa domin a iya fito da kaya kusa da gida. Mai sarin kayan waje da yawa ya nemi rasit da kwafin takardar fito daga wanda ya sayar masa, domin ita ce hujjarsa a hanya.

Ga jami'an ƙananan hukumomi, muna tunatarwa cewa kayan da aka riga aka biya musu fito ba su da wani harajin shigowa a kan iyakar jiha ko ta ƙaramar hukuma. Kuɗin rumfa da na kasuwa da na tasha su ne ke hannun ƙaramar hukuma, kuma a ba da rasit a kan kowanne.