Makomar Tsofaffin Jiragen Yaƙi Masu Ɗaukar Bama-bamai: Nazari a Kan Dalilan Ɗorewarsu da Abin da Zai Gaje Su

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da manyan jiragen yaƙi masu ɗaukar bama-bamai suke ciki a ƙasashe uku da har yanzu suke riƙe da su, wato Amurka da Rasha da Sin, ta kuma nemi dalilin da ya sa jirgin B-52, wanda mafi ƙarancin shekaru a cikin irinsa ya haura sittin, zai ci gaba da aiki bayan an jingine jirage biyu da aka ƙera domin su gaje shi. Nazarin ya nuna cewa abubuwa uku ne suke yanke wa jirgi hukunci kafin yawan shekarunsa: irin aikin da aka ɗora masa, da lafiyar gangar jikinsa, da kuɗin kula da shi.

1.0 Gabatarwa

Babban jirgin bama-bamai shi ne wanda aka ƙera domin ya ɗauki makamai masu nauyi ya ƙetare nahiyoyi da su, ya kai hari can cikin ƙasar abokan gaba, kuma a tsarin tsaron ƙasashe masu nukiliya yana ɗaya daga cikin abubuwa uku da suke riƙe da tsarin kamar duwatsun murhu, sauran biyun su ne makamai masu linzami da ake harbawa daga ƙasa da waɗanda ake harbawa daga jiragen ƙarƙashin teku. Birtaniya ta jingine jirginta Vulcan a 1984, Faransa kuma ta sauke wa Mirage IV aikin nukiliya a 1996. Ƙasashe ukun da suka rage kuwa, kashin bayan rundunar kowacce jirgi ne da aka zana fasalinsa a farkon Yaƙin Cacar Baka.

2.0 Dalilan Ɗorewar B-52

Kamfanin Boeing ya fara gwada B-52 a sama a Afrilun 1952, jirgin ya shiga aiki a 1955, an ƙera guda 744, na ƙarshe ya fito a 1962, kuma kimanin 76 ne suka rage, dukkansu samfurin H, a sansanonin Barksdale da Minot. An ƙera shi ne domin ya tashi can ƙololuwa inda makaman kakkaɓo jirage ba sa kaiwa, amma wannan dabara ta rushe a watan Mayun 1960 sa'ad da Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin leƙen asirin Amurka samfurin U-2, sannan a Disambar 1972 Amurka ta yi asarar B-52 guda 15 a luguden da ta yi wa Biyetnam ta Arewa.

Abin da ya ceci jirgin shi ne sauyin aiki. Tun daga 1982 aka fara ɗora masa makami mai linzami samfurin AGM-86, wanda yake tafiya da injinsa fiye da kilomita dubu biyu bayan an sake shi, ta yadda jirgin ba ya bukatar kusantar garkuwar abokan gaba. Da aikinsa ya koma dako, sai girman jikinsa da rashin saurinsa suka daina zama aibi, ɗaukar kaya da dogon zango suka zama abin nema. Gangar jikinsa ma ta taimaka, domin samfurin H ya shafe shekaru masu yawa a tsaye a filin sansani cikin shirin ko-ta-kwana, don haka bai ci awannin tashi daidai da shekarunsa ba. Har daga maƙabartar jirage ta Davis-Monthan da ke hamadar Arizona, inda bushewar iska take hana tsatsa, an taɓa tado da guda biyu aka gyara su suka koma aiki.

Matsalar da ta rage ita ce injinansa takwas samfurin TF33, waɗanda aka daina ƙera su tuntuni, kayan gyaransu kuma suke wahalar samuwa. A Satumbar 2021 aka ba Rolls-Royce kwangilar dala biliyan 2.6 domin samar da sababbin injina 608 samfurin F130, kuma da waɗannan injina da sabuwar rada, wato na'urar hango abubuwa ta hanyar aika igiyoyin rediyo, jirgin zai koma B-52J, ana sa ran ya yi aiki har shekarun 2050.

3.0 Magada Biyu da Za Su Riga Shi Hutawa

B-1B, wanda ya shiga aiki a 1986 aka ƙera guda 100, an tsara shi ne ya yi gudu ƙasa-ƙasa domin ya ɓuya wa rada, amma yaƙe-yaƙen Afganistan da Iraƙi da Siriya sun sa shi shawagi na awanni a kan filin daga yana jiran kiran sojojin ƙasa. Wannan ya jawo masa gajiyar ƙarfe, wato ƙananan tsagewa da suke bayyana inda ƙarfe yake yawan lanƙwasuwa da miƙewa, har aka jingine guda 17 a 2021 aka bar 45.

B-2 kuwa matsalarsa ƙaranci ce. Siffarsa ta fiffike zalla da fentin da yake shanye igiyoyin rada sun ba shi ikon shiga inda B-52 ba ya iyawa, kamar yadda aka gani a Yunin 2025 sa'ad da guda bakwai suka jefa bama-baman fasa ƙasa samfurin GBU-57 a kan cibiyoyin nukiliyar Iran na Fordo da Natanz. Sai dai an shirya sayen 132, rushewar Tarayyar Sobiyet ta sa aka tsaya a 21, kuɗin bincike ya rabu a kan 'yan tsiraru har kowanne ya tashi kusan dala biliyan biyu. Ɗaya ya faɗi a tsibirin Guwam a 2008, wani ya lalace a 2022, saura 19, kuma fentin nasu yana bukatar rumfa mai daidaitaccen sanyi da gyara na hannu bayan tashi.

4.0 Halin da Rasha da Sin Suke Ciki

Tu-95 na Rasha, mai farfela, sa'an B-52 ne, domin shi ma a 1952 ya fara tashi, ko da yake waɗanda suke aiki yanzu ƙirar shekarun 1980 ne zuwa farkon 1990, kuma shi ma aikinsa ya koma harba makamai irin su Kh-101 daga nesa. Sabon jirgin da Rasha ta daɗe tana alkawari, PAK DA, bai fito ba, sai ta koma ƙera Tu-160 na zamanin Sobiyet a masana'antar Kazan, sabon na farko ya tashi a Janairun 2022. A ranar 1 ga Yunin 2025 Yukiren ta ɓoye ƙananan jirage marasa matuƙi a cikin manyan motoci, ta kai hari sansanoni irin su Belaya a Saberiya da Olenya a yankin Murmansk, ta ƙona jiragen bama-bamai samfurin Tu-95 da Tu-22M3 da dama a inda suke ajiye a fili, alhali babu masana'antar da take ƙera ɗayansu yanzu. Sin kuma tana dogara ga H-6, wanda asalinsa Tu-16 ne na Sobiyet, amma da yake ba ta daina ƙera shi ba, fasalin ne tsoho, jiragen sababbi ne, kuma samfurin H-6N da aka nuna a faretin 2019 yana shan mai a sama.

5.0 Abin da Zai Gaje Su

Magajin da ya fi kusa shi ne B-21 na kamfanin Northrop Grumman, wanda aka ba da kwangilarsa a 2015, aka nuna shi a Disambar 2022, ya fara tashi a Nuwambar 2023. Shirinsa ya ɗauki darasi daga B-2: an ƙayyade farashin kowanne a dala miliyan 550 bisa darajar kuɗin 2010, an rage girmansa, an yi amfani da fasahar da aka riga aka gwada, an kuma tsara sayen aƙalla guda 100. Shi ne zai karɓi aikin B-1B da B-2, ta yadda rundunar za ta koma jirage iri biyu, ɗaya mai shiga ciki, ɗaya mai harbi daga nesa.

Akwai masu ganin aikin dako ba ya bukatar jirgin bama-bamai kwata-kwata, kuma a 2021 Amurka ta gwada tsarin Rapid Dragon, inda ake jero makamai masu linzami a cikin akwati a turo su ta ƙofar bayan jirgin kaya irin C-130. Sai dai jiragen kaya suna da nasu aikin a lokacin yaƙi, makamai masu linzami suna da tsada kuma suna ƙarewa da wuri, sannan babu ɗaya daga cikin waɗannan makamai da yake iya ɗaukar nauyin bam irin GBU-57, mai kusan tan 14. Jirgin da mutum yake tuƙawa kuma yana da wata fa'ida a sha'anin nukiliya, domin ana iya kiransa ya juyo bayan ya tashi, abin da ba ya yiwuwa ga makamin da aka riga aka harba.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa jirgin da aikinsa ya dogara ga wata dabarar ɓuya yana tsufa da zarar an gano maganin dabarar, shi kuwa mai aikin dako yana sabuntuwa duk sa'ad da aka sabunta makamin da yake ɗauka. Abubuwa biyu ne za su tabbatar da shirin Amurka ko su rushe shi: ko za a sayi B-21 da yawan da aka tsara ba tare da an datse shi kamar B-2 ba, da kuma ko za a gama sauya injinan B-52 kafin tsofaffin su gaza. Harin Yunin 2025 ya ƙara wani sharaɗi ga ƙasashen uku, wato kashe kuɗi a kan rumfuna masu ƙarfi da tsaron sansanoni, domin jirgin da aka daina ƙerawa ba shi da madadi idan ya ƙone a ƙasa.