Daga Gafaka Zuwa Fotokopi: Yadda Littafi Ya Daɗe Yana Ba Mu Wuya

Ƴan uwa ɗalibai, a farkon shekararmu ta biyu malamin da ke koya mana tarihin ƙasashen Hausa kafin zuwan Turawa ya shigo anfi, ya cika allo da sunayen littattafai goma sha ɗaya, ya ce duk wanda bai karanta ko huɗu daga ciki ba kada ya yi tsammanin komi ranar jarrabawa. Muka kwafe sunayen tsaf. Da muka fito, wani abokina ya dube ni ya ce: "To sunayen dai mun samu, saura littattafan." Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Cikin goma sha ɗayan nan, biyu kawai na taɓa riƙewa da hannuna a matsayin littafi mai bango. Sauran, abin da ya iso gare ni fotokopi ne na fotokopi, baƙi ƙirin a gefe, layin ƙarshe ya yanke. Ɗaya daga ciki babu shafin farko. Na karanta shi sau uku, na ɗauko magana daga cikinsa a jarrabawa, na jingina ta ga marubucin da delegen ajinmu ya ce shi ne mai littafin. Ashe ba shi ba ne. Malam ya ja jan layi a ƙarƙashin sunan, ya rubuta a gefe cewa ɗalibin tarihi da bai san wa ya ba shi labari ba, tatsuniya yake yi. Wannan darasi sai da na maimaita shi. Tun daga ranar na soma tambayar kaina: yaushe wahalar nan ta fara, kuma me ya sa littafin da aka rubuta kan garinmu ya fi sauƙin samu a Faris bisa ga Maraɗi?

Da na koma gida hutu na kai kukana wurin kakana, tsohon malamin zaure. Ya saurare ni har na gama, sa'annan ya ce: "Kai ja can, raggo. Mu da munka yi karatu, in kana son littafi sai ka zamna ka rubuta shi da hannunka. Ku inji ka yi muku, kuna kuka." Ya sa aka ɗauko masa gafakarsa. A ciki akwai tadarishi na fata, cikin tadarishin takardu warware, ba ɗinki, sun yi ja don tsufa. A ƙarshen littafin wanda ya kwafa ya rubuta sunansa da na malaminsa, ya roƙi mai karatu ya yafe masa kuskuren da ya gani.

Abin da ke cikin gafakar nan shi ne babin farko na tarihinmu da littafi. A ƙarni na 19 ba a yin takarda a ƙasar Hausa. Mafi yawanta daga Italiya take fitowa, irin mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga ta ga haske. Jirgin ruwa ya sauke ta a Tarabulus, raƙuma su ɗauko ta su ratsa Gadamas da Gat da Ayar, ta iso Damagaram, wadda a zamanin Sarki Tanimun ta zama babbar mashigar fataken Sahara, daga nan ta wuce Kano. Takardar da ta yi wata da watanni bisa doron raƙumi ba za ta yi araha ba. Shi ya sa yaro yake farawa da allo, a rubuta a wanke, sai ya yi nisa kafin a amince masa da takarda. Tawada kuwa shi zai haɗa abarsa da gawayi da ƙaro, ya feƙe alƙalaminsa na kara. Rashin ɗinkin ma yana da amfani: littafi ɗaya ana iya raba shi ga almajirai biyar, kowa ya ɗauki ƴan warƙoƙi ya kwafa, gobe a yi musanya.

Wanda ke neman littafin da babu a garinsu, ƙafa yake sawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, har Agadas ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. Ko Baturen nan Heinrich Barth bai tsira ba. Da ya isa Gwandu a 1853 aka ara masa Tarikh al-Sudan na ƴan kwanaki, ya zauna yana kwafar abin da ya iya cikin gaggawa. Ya tafi da zaton Ahmad Baba ne ya rubuta shi, alhali Abdurrahman al-Sa'di ne. Da na karanta wannan na ɗan ji sanyi a raina, na ce ashe ni da Barth laifinmu ɗaya. Bambancin dai shi ba a sa shi maimaita aji ba.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, suka mai da ita babban birnin mulkinsu har 1926 da suka koma Yamai. Lakwal ɗin da suka kawo ta zo da littafi bugagge, amma ƴan kaɗan ne suka shiga, kuma wanda ya yi fice sai an tura shi makarantar William Ponty a Senegal, kamar yadda aka yi wa Boubou Hama. Tarihin da ake rubutawa a lokacin, kwamandoji da masu bincikensu ne ke rubuta shi, don amfanin masu mulki. Har bayan samun ƴancin kai, littafin da ke ɗauke da sunan Histoire du Niger, wanda ya fito a 1965, wani tsohon jami'in mulkin mallaka ne ya rubuta shi, Edmond Séré de Rivières, kuma a Faris aka buga shi.

Sai dai ƴan ƙasa ba su zauna ba. Cibiyar IFAN da aka buɗe a Yamai a 1944 ita ce ta rikiɗa ta zama IRSH a 1974, kuma Boubou Hama ya yi ta tattara tsoffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda yanzu dubbai ne a ajiye can. A 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda muka sani yau da sunan CELHTO. Cikin jerin littattafan da ake kira Études nigériennes aka buga aikin André Salifou kan Damagaram a ƙarni na 19, a 1971, da na Djibo Hamani kan Adar kafin mulkin mallaka, a 1975. A nan gida aka fitar da su, ƴan ƙasa suka rubuta, kan ƙasarsu. A 1971 ɗin kuma aka buɗe karatun jami'a a Yamai, ɗalibi ya daina dole sai ya je Dakar ko Abijan ko Faransa. Duk wanda ya dubi shekarun nan zai ce an kama hanya.

To ina aka tsaya? Abu na farko, manyan gidajen da ke buga tarihin Afirka da Faransanci a Faris suke: Présence Africaine da Alioune Diop ya kafa, L'Harmattan da ta zo a 1975, Karthala a 1980. Babban littafin Joseph Ki-Zerbo, Histoire de l'Afrique noire, na 1972, can aka buga shi. Malaminmu zai yi shekaru yana hira da tsofaffi a Tibiri ko Illela, ya rubuta, a buga a Faransa, littafin ya dawo mana da kuɗin jirgi da ribar ɗan kasuwa a kansa.

Abu na biyu, kuɗin yuraniyom da suka ɗaga ƙasa a shekarun 1970 sun faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, ilimi na cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu. Ɗaliban da suka yi maci ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka kashe uku a gadar Kennedy, kan makomar karatu suka fito. Sa'annan babbar guduma ta sauka ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100. Littafin da ke zuwa daga Faris ya ninka kuɗi cikin dare ɗaya, bursi kuwa tana nan inda take. Yau yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai. Littafin yuro 30 ya tasam ma jikka ashirin tun bai hau jirgi ba. Ka ninka wannan sau huɗu, ka tuna da haya da abinci da kuɗin mota, ka tuna cewa da yawanmu ma ba su da bursin, sai ka gane me ya sa mai injin fotokopi na bakin hanya ya zama shi ne ɗakin karatunmu.

Akwai kuma wani shinge da ba na kuɗi ba. Tarihin Maraɗi ba ya fahimtuwa sai da na Katsina, tunda sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a nan. Yusufu Bala Usman ya rubuta babban littafi kan Katsina, aka buga a Zariya a 1981, amma da Ingilishi. Murray Last kan daular Sakkwato, 1967, Ingilishi. Finn Fuglestad kan tarihin Nijar kanta daga 1850 zuwa 1960, Ingilishi. Su ma ɗaliban Katsina da Sakkwato haka suke kallon Hamani da Salifou, suna so ba su iya karantawa. Tsakanin Maraɗi da Katsina tafiyar ƴan awoyi ce, harshenmu ɗaya, amma littattafanmu ba sa jin maganar juna. Abin mamaki, tun farkon shekarun 1930 an buga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Hausa, kuma kakana ya san da shi, ni ɗan jami'a ban sani ba.

Yau jami'ar Damagaram tana ɗauke da sunan André Salifou, ta Tawa tana ɗauke da na Djibo Hamani. Girmamawa ce da ta dace. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mu nawa ne muka karanta littafi ɗaya na mutanen nan daga bango zuwa bango? Mun san sunan a bakin ƙofa, ba mu san abin da ya sa aka rubuta shi a can ba.

Mu ma muna da namu laifin, kada mu ɓoye. Na taɓa samun littafin da na yi wata biyu ina nema, na buɗe, babin da nake so an yage shi fes da reza. Ɗalibi ne ya yi wannan, ɗan uwanmu. Akwai masu ɓoye kwafi har sai an gama jarrabawa don kada wani ya fi su maki. Akwai masu ara su hana. Kuma fotokopin da ke ceton mu yana da nasa ciwon: in duk ajin mutum ɗari biyu suka kwafe littafi ɗaya, wanda ya rubuta shi da wanda ya buga shi ba su ga ko dala ba, gobe mai bugawa ya ce littafin tarihi ba ya sayuwa a Nijar, ya ƙi sake fitar da shi. Ba na cewa mu daina, don yunwa ba ta jin wa'azi. Ina cewa dai mu san abin da muke yi.

Ga abin da muka gwada a ƙungiyarmu ta mutum goma, kuma ya yi aiki. Mun kafa adashin littafi: kowa jikka ɗaya a wata, duk wata biyu a sayi littafi ɗaya na gaske, musamman wanda ɗan ƙasa ya rubuta, a rubuta a kundi wa ya ɗauka, yaushe zai maido. Mun yi doka cewa ba a yin fotokopi sai an haɗa da bango da shafin da ke nuna marubuci da shekara da inda aka buga, kuma lambar shafi ta fito. Ƙarin dala biyar ne ko goma, ni kuwa rashinsa darasi guda ya ci mini. Mun gano cewa babban tarihin Afirka da UNESCO ta soma a 1964, juzu'i takwas na farko, yana nan kyauta a intanet. Mutum ɗaya ya sa mega ya sauko da shi, sauran su karɓa ta waya, a buga babin da ake bukata kawai. Waɗanda ke Yamai suna zuwa IRSH su zauna su karanta, su aiko wa na Maraɗi da Tawa da Damagaram abin da suka tsamo, tare da lambar shafi. Mai jin Ingilishi a cikinmu yana taƙaita mana babi guda da Hausa duk mako biyu. Kuma muna bin masu shimfiɗa tsoffin littattafai a ƙasa gefen kasuwa, don wani lokaci abin da ka nema ka rasa yana can ƙarƙashin littafin lissafin firamare.

Ga manya kuma roƙonmu ɗaya ne: a sake buga tsoffin Études nigériennes a nan gida, bisa takarda mai araha, a kuɗin da ɗalibi zai iya, a kai su kowace jami'a. Sauran kuma ya rage namu. Kai da za ka gama lisansi bana, kada ka kai takardunka ga mai ƙosai ta naɗe wa mutane. Ka haɗa su, ka rubuta a kan kowane wa ya wallafa shi, ka miƙa wa na bayanka.

Kafin in dawo daga hutun nan na nuna wa kakana fotokopin da ya kayar da ni. Ya jujjuya shi, ya duba farko, ya duba ƙarshe, ya ce: "Wanga ba shi da uba? Wa ya rubuta shi, wa ya kwahe shi?" Na ce ban sani ba. Ya maido mini, ya ɗaure gafakarsa, ya ce in je in nemo, in na samo in zo in gaya masa. Sai da na yi wata huɗu kafin in gano. Na rubuta sunan da shekarar a shafin farko da biro, na ƙara nawa sunan a ƙarshe kamar yadda na gani a tadarishinsa, sa'annan na ba wata ƙanwarmu da ta shigo shekara ta biyu.

Allah shi ba mu sa'ar jarrabawa, shi sa mu amfana da abin da muka karanta.