Tafiyar iyali zuwa Maroko da ƴan mata: tsara birane da yawa da kuɗi kaɗan

Maroko na cikin ƙasashen ƙetare da iyali daga Nijar ke iya kai wa ziyara ba tare da doguwar wahala ba. Jirgin Royal Air Maroc na tashi daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa Kasablanka, kuma tafiyar kai tsaye ba ta wuce awa 4. Magidancin da ke son kai uwargida da ƴaƴansa mata su ga birane uku ko huɗu a tafiya ɗaya yana da abu biyu da zai riƙe tun farko. Na ɗaya, kamfanonin jiragen sama suna lissafa duk wanda ya cika shekara 12 a matsayin babba, don haka mata da miji da ƴan mata biyu masu shekara 14 da 16 tikiti huɗu cikakku za su biya. Na biyu, duk sauyin gari yana cin kuɗin jirgin ƙasa da na taksi da kusan yini guda. Bayan tikitin jirgin sama, yawan biranen da aka zaɓa ne ke nuna ko guzuri zai kai ko zai ƙare a hanya.

Takardu

Kowace yarinya na buƙatar fasfo nata na kanta, kuma ya fi kyau ya zama da sauran wata 6 ko fiye kafin ya ƙare. Ƴan Nijar sun daɗe cikin waɗanda ke shiga Maroko ba biza har tsawon kwana 90, sai dai ƙa'ida na sauyawa. Lokacin gasar cin kofin Afirka da aka fara a ƙarshen 2025, hukumomin Maroko sun nemi izinin intanet mai suna AEVM daga ƴan wasu ƙasashen da suka saba shiga haka nan, har da Nijar. Saboda haka a tambayi ofishin jakadancin Maroko da ke Yamai kafin a biya kuɗin tikiti.

Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da ƴan matan, ko uba kaɗai, a riƙe takardar izinin ɗayan da aka buga wa hatimi a komsariya ko ofishin magajin gari, tare da takardun haihuwa. A haɗa da katin rigakafin shawara na kowa. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. A wurin shiga Kasablanka ƴan sanda kan nemi tikitin komawa da adireshin masauki, shi ya sa ake buga su a takarda maimakon dogaro da wayar da cajinta ka iya ƙarewa.

Lokacin tafiya

Hutun lakkol ne ke zaɓar wa iyali lokaci. Babban hutu, daga Yuli zuwa Satumba, ya fi tsawo amma ya fi tsada, domin a watannin ne ƴan Maroko mazauna Turai ke komawa gida, jiragen ƙasa da masaukai su cika. Zafin Marakesh da Fas a lokacin kan haura digiri 40, yayin da Rabat da Kasablanka ke samun iskar teku. Hutun ƙarshen Disamba ya fi sauƙin kuɗi a wasu wurare, amma sanyin dare a Fas ya fi na hunturun Damagaram nesa ba kusa ba, ga ruwan sama, kuma tsofaffin gidaje da yawa ba su da abin ɗumama ɗaki. Hutun ƙarshen Maris shi ne mai daɗin yanayi, in har babu wadda ke shirin BEPC ko BAC.

Agogon Maroko ɗaya yake da na Nijar, sai a watan azumi da suke mayar da shi baya da awa guda. A watan, gidajen abinci da dama na rufe da rana.

Kuɗin da ake mantawa kafin a tashi

Ga mazauna cikin ƙasa, tafiya na farawa tun daga tashar bis. Daga Tawa zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, daga Maraɗi kusan 660, daga Damagaram kusan 900. Kuɗin motar mutum huɗu zuwa da dawowa, da kwana ɗaya a Yamai kafin tashi da wani bayan sauka, duk su shiga lissafi. Kada a shirya isowa Yamai a ranar da jirgi zai tashi: taya ɗaya da ta fashe tsakanin Ƙonni da Doso ta isa ta sa a yi asarar tikiti huɗu. Mai ƴan'uwa a Yamai ya sanar da su da wuri.

Tikiti mafi arha yakan zama wanda ba a sauya masa rana sai da tara, ba a kuma mayar da kuɗinsa. A karanta wannan sharaɗi da na nauyin kaya kafin a biya, a kuma duba cewa sunan kowace yarinya ya dace harafi da harafi da na fasfonta.

Canji

An ɗaure sefa da yuro: yuro 1 kusan sefa 656 ne, yuro 100 kuma sefa 65,596. Dirhamin Maroko yana motsi kaɗan, amma lissafin da ya fi sauƙi a kasuwa shi ne dirhami 1 wajen sefa 60, dirhami 100 wajen jaka 6. Ba a samun mai karɓar sefa cikin sauƙi a can, don haka a canza zuwa yuro tun a gida. Shi kuwa dirhami a cikin ƙasar ake saye, doka ba ta bari a fita da shi da yawa, sai a riƙe takardar canji don mayar da abin da ya rage ranar komawa. A filin jirgi a canza abin da zai kai iyali masauki kawai. Ofisoshin canji na cikin gari sun fi kyan farashi.

Katin Visa na banki yana da amfani wajen kama ɗaki da sayen tikitin jirgin ƙasa ta intanet. Ana caje kuɗi a duk cirewa daga na'ura, saboda haka cirewa biyu masu yawa sun fi goma ƙanana. A raba kuɗin hannu tsakanin uwa da uba, a ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kasafin don abin da ba a zata ba.

Tsarin hanya

Jirgin ƙasa na hukumar ONCF ya haɗa manyan biranen, kuma akwai tasha a ƙarƙashin filin jirgin Muhammad na Biyar da ke kai fasinja Casa Voyageurs. Daga Kasablanka zuwa Rabat awa 1 ne, daga Rabat zuwa Fas kusan awa 3, daga Fas zuwa Marakesh awa 6 da rabi zuwa 7, daga Marakesh zuwa Kasablanka kusan awa 3. Tsarin da ya dace da kwana 10 shi ne Rabat kwana 2, Fas 3, Marakesh 3, Kasablanka 2 a ƙarshe don a kasance kusa da filin jirgi. Mai kwana 7 kawai ya cire Marakesh ko Fas, domin su biyun ne ke gefe da gefe na layin.

Farashin tikiti na ƙaruwa idan rana ta matso, sai a saya da wuri a nemi kujeru a haɗe. Jirgin Al Boraq mai gudu, da aka buɗe a 2018, yana tsakanin Tanja da Kasablanka ne. Ƙara Tanja na nufin ƙarin kwana biyu da kuɗinsu. Motocin CTM da Supratours na zuwa inda layin dogo bai kai ba.

Akwai wata ƙa'ida da ke ba iyalai mamaki: ƙaramin taksi na cikin gari ba ya ɗaukar fiye da mutum 3. Iyalin mutum huɗu sai mota biyu, kowane babba da yarinya ɗaya, ko babban taksi da ake shirya farashinsa kafin a shiga. Ƙananan ja ne a Kasablanka da Fas, shuɗi a Rabat, launin ƙasa a Marakesh. A nemi direba ya kunna mita. A Rabat da Kasablanka akwai taram mai arha da ke rage wannan kashe kuɗi.

Abin gani a kowane gari

Rabat ta fi dacewa da farawa saboda natsuwarta. Hasumiyar Hassan, da aka bar gininta bayan rasuwar Yakubu al-Mansur a 1199, da hubbaren Sarki Muhammad na Biyar da unguwar Udaya mai kallon teku, duk ana zagaya su ba a biya ba. Ofishin jakadancin Nijar na nan. Nan ne kuma hukumar AMCI take, wadda ke kula da guraben karatun ɗaliban Afirka, har da ƴan Nijar. Yarinyar da ke dab da BAC za ta amfana da ganin Jami'ar Muhammad na Biyar da idonta.

Fas ce ta fi kusa da zukatan mutane da yawa a ƙasar Hausa, domin a nan zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, wanda ya rasu a 1815. Ba nisa da ita akwai masallacin Ƙairawiyyin, wanda tarihi ya danganta kafa shi a 859 ga wata mace, Fatima al-Fihri, ya kuma zama ɗaya daga tsofaffin cibiyoyin ilimi na duniya. Majemar Shuwara za ta tuna wa mutanen Damagaram tasu. Fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato na cikin kayan da ayari ke tsallaka Sahara da su, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Mota ba ta shiga lungunan tsohon birnin, don haka manyan akwatuna wahala ne: kowa ya ɗauki abin da zai iya ja da kansa. Shaguna da yawa na rufe ranar Jumma'a.

A Marakesh dandalin Jami'ul Fana da harabar masallacin Kutubiyya kyauta ne, amma fadar Bahiya da lambun Majorelle na kuɗi ne, kuma kuɗin mutum huɗu ba kaɗan ba ne. A bar kowace yarinya ta zaɓi wuri ɗaya na biya. A Kasablanka babban abin gani shi ne masallacin Hassan na Biyu da aka kammala a 1993 a bakin teku, mai hasumiyar mita 210.

Masauki da abinci

Ɗakunan otal biyu sun fi tsada a kan gida ɗaya mai ɗaki biyu da kicin, ko ɗakin iyali a riyad, wato tsohon gida mai tsakar gida da aka mayar masauki. Ƴan mata masu tasowa na buƙatar wurin sauya kaya da kwana nasu, saboda haka a tambayi yawan gadaje da ƙofofi kafin a kama. A tambaya kuma ko farashin ya haɗa da karin kumallo da harajin kwana da ake karɓa a kan kowane mutum. Masaukin da ke kusa da ƙofar ganuwa ko tashar jirgi ya fi wanda ke can cikin lungu, ko da ya ɗan fi tsada.

Burodi da zaitun da ƴaƴan itace na da arha. Miyar harira, da bisara ta wake, da tajin a gidajen abincin unguwa na ƙosar da iyali da kuɗi kaɗan, kuskus kuwa abincin Jumma'a ne. Inda aka jera tebura ana kiran baƙi a bakin dandali, farashi ya fi hawa. Ruwan gora da kayan masarufi a saye su a Marjane ko BIM.

Tsaron ƴan mata

Kasuwannin Fas da Marakesh na da cunkoso, kuma samari kan jefa wa ƴan mata magana. Dokar Maroko mai lamba 103-13, da ta fara aiki a 2018, ta haramta irin wannan tsangwama a kan titi, kuma lambar ƴan sanda a birni ita ce 19. Kowace yarinya ta riƙe kwafin fasfonta da shafin da aka buga hatimin shiga, domin ƴan sanda kan tambayi baƙi daga kudancin Sahara takardu. Ta riƙe kuma katin masauki da ƴan dirhami na taksi. A sayi layin Maroc Telecom, Orange ko Inwi da fasfo, a sa aƙalla a waya biyu, a kuma amince tun da safe da wurin haɗuwa idan aka rabu.

A Jami'ul Fana masu lalle kan kama hannun yarinya su fara zane kafin a yi ciniki. Baƙin lalle da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi yana iya ƙona fata, gara a tsaya ga ja a wurin da masauki ya nuna. Masu cewa hanya a rufe take, su bi da baƙo wata, kuɗi suke nema; jagoran da hukuma ta sani yana ɗauke da katin shaida. A ɗauki inshorar lafiya ta tafiya, domin asibitoci masu zaman kansu kan nemi kuɗi kafin magani.

Rabon aiki da tsaraba

Faransancin lakkol ya isa a tasha da otal da kanti, shi ya sa iyalai kan damƙa wa babbar yarinya lura da lokutan jirgi, ƙaramar kuma rubuta abin da aka kashe kowace yamma da dirhami da sefa. Wannan rubutu ne ke nuna tun kwana na uku ko ana wuce gona da iri. Kowace a ba ta kuɗin kashewarta tun ranar farko, ta san ba ƙari.

Tsaraba ta dangi da maƙwabta na iya cinye kasafi gaba ɗaya idan ba a rubuta sunaye da adadi tun daga gida ba. A bar sayen jallabiya da takalman fata da man argan sai garin ƙarshe ko na kusa da shi, don kada a yi ta jan su daga tasha zuwa tasha, a kuma auna akwatuna a masauki kafin a nufi filin jirgi.