Birnin da ya koma gona: abin da Dutsi da Birnin Zamfara suke nema daga gare mu

A kan tsaunukan Andis na ƙasar Peru akwai wani kufai da ake kira Machu Picchu. Mutanen daular Inka ne suka gina shi a wajejen 1450, zamanin sarkinsu Pachacuti, a tsayin kusan mita 2,430 daga doron teku. Manyan gine-ginensa an sassaƙa duwatsunsu ne aka jera ba tare da kwaɓi ba, har ta kai ko wuƙa ba ta shiga tsakanin dutse da dutse. Mai ziyara ba ya bukatar dogon bayani: ga ƙofa, ga matakala, ga magudanar ruwa, ga gonakin da aka yanka a jikin tsauni hawa-hawa.

To, a ɗauko wannan mai ziyarar a kawo shi arewacin Zamfara, a tsayar da shi kusa da Isa, a ce masa nan ne Birnin Zamfara. Zai waiga gabas da yamma ya ga gonakin gero da kukoki da wasu tuddai. Wataƙila ya tambaya, ina birnin? Tambayar tana da amsa, amma sai an koyi yadda ake karanta garin da aka gina da ƙasa.

Labarin ya faro ne daga Dutsi, a ƙasar Zurmi ta yau. Ruwayar Zamfarawa ta ce a nan sarautarsu ta fara kafuwa, da wani sarki mai suna Dakka. Har yanzu ana nuna wasu dogayen kaburbura a wurin, ana cewa na sarakunan farko ne, waɗanda aka siffanta da samudawa. Ko mutum bai yarda da tsawon nasu ba, kaburburan suna faɗin abu guda: al'umma ta keɓe wannan wuri a matsayin tushenta, ta kuma riƙa tsaron sa zuriya bayan zuriya. Daga Dutsi ne sarautar ta gangara zuwa kwarin gulbi, aka kafa Birnin Zamfara, wanda ya zama babbar cibiyar kasuwanci da malanta.

A ƙarni na 18 Gobirawa suka yi ta kwararowa daga arewa suna zama a ƙasar Zamfara da izinin sarakunanta. Ruwaya ta ce an ba su wuri a gonakin alƙalin Zamfara, shi ya sa aka kira mazauninsu Alkalawa. Baƙo ya yi ƙarfi. A wajejen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, sarakunan Zamfara suka yi ta sauya mazauni, har da Kiyawa kusa da Ƙaura Namoda ta yanzu, kafin daga bisani su tabbata a Anka. Alkalawa ta zama fadar Gobir, inda Bawa Jangwarzo ya yi mulki. Ita ma ba ta cika shekara 50 da wannan nasara ba: a 1808 rundunar jihadi ta cinye ta, aka kashe Sarki Yunfa. Cikin jagororin wannan yaƙi akwai Namoda, na Fulanin Alibawa, wanda Ƙaura take ɗauke da sunansa. A ɗan wannan yanki, manyan birane biyu suka zama kufai cikin rayuwar mutum ɗaya.

Me ya sa ba su bar abin kallo irin na Inka ba? Dalilin yana ga kayan gini. Mutumin Andis dutse ne a ƙarƙashin ƙafarsa. Mutumin kwarin Rima laka ce da shi, ita ya kwaɓa ya yi tubali ya tayar da ganuwa. Ginin ƙasa kuwa yana rayuwa ne da yaɓe: duk shekara bayan damina sai jama'a su fito aikin gayya su gyara abin da ruwa ya ci. Ranar da gari ya watse, ranar ce yaɓe ya tsaya, ganuwa ta soma narkewa tana komawa inda aka ɗebo ta. Inda dutse ya samu, mutanenmu sun yi gini da shi. Shaida ita ce Surame ta Kanta, sarkin Kabi, a Jihar Sakkwato ta yanzu, wadda katangunta na dutse tun ƙarni na 16 suna nan a tsaye. An ayyana ta abin tarihi na ƙasa a 1964, aka kuma shigar da ita jerin wuraren da Nijeriya take nema wa amincewar UNESCO a 2007.

Duk da haka birnin ƙasa ba ya ɓacewa kwata-kwata. Dogon tudun da ya kewaye gonaki, ganuwa ce ta kwanta. Kwarin da yake biye da shi, gwalalo ne ya cike. Inda kukoki suka yi cincirindo, akasari mutane sun taɓa zama. Garma tana tono tsingaro da kashin maƙera. Amma waɗannan alamu ba sa magana da kansu. Sai manomin da ya gaji gonar ya ce maka nan ce ƙofa kaza, can ce kasuwa. Ko Machu Picchu ma, Ba'amurke Hiram Bingham da ake cewa ya gano shi a 1911, manoman wurin ne suka nuna masa hanya. Bambancin shi ne, a can gini ya tsaya amma sunayen mazaunansa sun salwanta bayan Sifaniyawa sun rusa daular tun daga 1532. A nan kuwa sunaye da jerin sarakuna da kirari suna raye a bakin mutane, ginin ne ya tafi.

Nan hatsarin yake. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa Zurmi da Dutsi da Badarawa a 1853, ya tarar da ƙasa mai fama da hare-hare, amma ya ga kasuwar Badarawa cike maƙil, ana hada-hadar auduga. Mutane suna zaune a garuruwansu. A yau hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da dama a Zurmi da Shinkafi da Isa. Dattijon da ya san inda ƙofar birni take, mai yiwuwa yana gudun hijira a Ƙaura ko Gusau, jikokinsa ba su taɓa taka gonar ba. Dutse yana iya jiran shekara 400 kafin a zo a duba shi. Abin da yake cikin kan tsoho ba ya jira.

Saboda haka ziyarar da ta fi gaggawa a yanzu ba ta bukatar shiga daji. A nemi dattawan da suka taso daga waɗannan wurare, a zauna da su, a naɗi muryarsu da waya, a sa su zana taswirar garinsu ko da a ƙasa ne, a rubuta sunayen ƙofofi da unguwanni da tafkuna. Malamin makaranta zai iya, ɗalibin jami'a zai iya, ɗa ma zai iya yi da mahaifinsa. In an samu lafiya, masu binciken kufai za su zo da na'urorinsu, kuma za su bukaci wanda zai nuna musu inda za su fara tono.