Hazo da Hayaƙi: Tarihin Iskar da Kano Take Shaƙa



Duk wanda ya tsaya a bakin titin Maiduguri, daidai Daurawa, da sanyin safiyar hunturu, zai ga rana ta fito fara fat kamar wata. Abin da ya rufe ta iri biyu ne: ɗaya ya girmi ganuwar Kano, ɗaya kuwa bai kai shekara ɗari ba.

Na farko shi ne hazo. Mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin ƙasar Chadi. Shekaru dubbai da suka wuce wannan kwari gindin wani babban tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farin gari na ɓawon ƙananan tsirran ruwa. Iskar arewa maso gabas ke kwasarsa, haɗe da rairayi da yumɓu da ƙarfe, ta zubo mana, ta wuce Legas, har ta ƙetare teku zuwa dajin Amazon. A 1980 Grant McTainsh ya buga bincikensa a kan wannan ƙura da ke sauka a arewacin Nijeriya.

Na biyu kuwa mu muka ƙaro shi. Hayaƙin icen girki tsoho ne, amma masana'antun Bompai da Sharada da Challawa, da motoci, da janareto, da ƙona bola, su suka cika iskar da baƙin kunkunniya da farar wuta. Biranen gaɓar teku suna da nasu ƙari: gishirin teku da hayaƙin jiragen ruwa. Fatakwal kuma tun 2016 baƙar toka ta addabe ta.

Mafi haɗari su ne ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikuromita 2.5 ba, alhali gashin kai guda yakan kai kimanin 70. Hanci ba ya tace su. Sukan shige can cikin huhu, su tayar da fuka, su taɓa zuciya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage mizaninsu na shekara daga maikurogiram 10 zuwa 5 a kowace mita ɗaya ta cikar iska.

To, jama'a, me tarihi ya koya mana? A da ana zuba dalma a cikin fetur, yara suna shaƙa, tana dakushe musu ƙwaƙwalwa. Zuwa farkon 2006 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina, a 2021 kuma Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya. Ashe abin da hannu ya zuba, hannu na iya kwashewa. Ba mu da iko a kan Bodele. Amma bolar da ake cinna wa wuta a lungunan Tarauni da Gyadi-Gyadi, wannan tamu ce.