Wa zai gina wa sabbin unguwanni lakwal?

Duk watan Oktoba idan aka koma lakwal, kiran da muka fi samu a gidan rediyo iri ɗaya ne: uba ya kai yaronsa rajista an ce aji ya cika, ko an karɓe shi amma sai an yanke gero an samu kara kafin a kafa rumfar da zai zauna. Wasu su zagi darakta, wasu magajin gari, wasu su ce laifin Yamai ne. Shi ya sa muka ce bari mu waiwaya baya kaɗan.

A 1960 da Nijar ta samu ƴancin kai, al'ummar ƙasar miliyan 3 ne da ɗoriya, kuma yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba. Lokacin nan matsalar ba wurin zama ba ce, yaran ne ba a samu. Dattawanmu suna ba da labarin yadda ake ɓoye yaro a rumbu idan an ji masu ɗaukar ƴan lakwal sun shigo gari. Gwamnati ce ke gina aji, ita ke turo mushe, har littafi da alli.

Yau fa? Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan 17. Birnin Maraɗi, wanda ambaliyar Gulbi ta sa aka maido shi kan tudu a 1945, yana da mutum kusan dubu 150 a 2001, ya haura dubu 260 a 2012. Wanda ya san bayan Ali Ɗan Sofo ko Zariya shekaru 20 da suka wuce ya san gonaki ne. Haka Damagaram, haka Tawa, balle Yamai. Iyayen da aka ɓoye a rumbu, jikokinsu ne yanzu ke layin rajista.

A tsakani aljihun gwamnati ya tsuke. Shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu, gini ya ja baya. Daga 2003, da shirin ilimi na shekara 10, aka buɗe makarantu da yawa, aka ɗauki malaman kwantiragi, yara suka kwararo. Wannan abin yabo ne, ba za mu ƙi faɗa ba. Sai dai sunan lakwal ya riga gininta isa unguwa, rumfar zana da aka ce ta wucin gadi ce ta zama gida.

To ina magajin gari ya shigo? A watan Yulin 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, aka samu komin 265. A 2008 aka kafa hukumar ANFICT don ta riƙa isar musu da tallafin kuɗi. Sannan a farkon 2016 gwamnati ta sa hannu kan dokar miƙa musu ragama a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Gina azuzuwan firamare da gyaransu ya koma wuyan komin. A takarda abin ya yi kyau, don magajin gari ya fi minista sanin unguwar da ta cika. Amma an ɗora wa jaki kaya ba a ba shi dusa ba. Kuɗin da ya kamata su biyo ragamar ba sa zuwa daidai da nauyin, kuma abin da komin ke tarawa da kanta, harajin kai da tikitin kasuwa da na tasha, sau da yawa albashin ma'aikata da man mota ke cinyewa.

Akwai kuma abin da mu kanmu ba mu son a taɓo: filaye. A manyan garuruwa yanka fuloti ya daɗe yana cikin hanyoyin samun kuɗin ma'aikatar magajin gari. Kowane fuloti da aka sayar gida ne, kowane gida yara ne bayan shekara 6 ko 7. A ganinmu, tun ranar da aka yanka unguwa ya kamata a ware kuɗin ajinta daga cikin kuɗin filayen, a kuma kewaye filin lakwal kafin wani ya kai masa bulo da dare.

Mun ga farashin jinkirin a 2021. Ran 13 ga Afrilu wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu. Ran 8 ga Nuwamba aka sake a Maraɗi, yara ƙanana aƙalla 25. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Gwamnati ta hana rumfar zana a ajin ƙananan yara, hukumomi kuma da bakinsu suka ce akwai irin waɗannan azuzuwa kusan dubu 36 a faɗin ƙasa.

Tun watan Afrilun 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi, kantomomin da aka naɗa ne ke riƙe da su. Kansilan da a da muke tarewa a wurin suna ko jana'iza mu tambaye shi zancen aji, babu shi yanzu. Amma nauyin yana nan a ma'aikatar magajin gari, kuma ana tsara kasafin kuɗin baɗi ne kafin shekara ta ƙare. Kwamitin iyayen yara da mai unguwa su je tun yanzu da adadin yaran da ba su samu wuri ba bana, a rubuce, su tambayi aji nawa aka sa wa unguwarsu.