Taki, Gyaɗa da Takardar Shaida: Tarihin Gonakin Arewacin Kano

A farkon watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Ibrahim Dabo, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da sunan Abdulkarim, ya biyo hanyar Katsina, ya ratso ta Kusada da Bichi, ya doshi birnin Kano. Tun kafin ya hango Dala ya shiga cikin gonaki da suka haɗe da juna, da gidaje a warwatse a tsakaninsu, da ɗorawa da kuka da tsamiya tsaye cikin shuka, har daga baya ya lissafa ƙasar Kano cikin wurare mafi albarka a doron ƙasa. Amma duk wanda ya taɓa sa fartanya a ƙasar Bichi ko Minjibir ya san jigawa ce mai rairayi, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe ƙarfi, damina kuwa wata huɗu ce zuwa biyar. Albarkar da baƙon ya gani, da ka da bayan jaki aka yi ta kai wa gonakin nan, shekara bayan shekara.

Yawan jama'a ne ya tilasta haka. Bayan jihadi, musamman tun daga 1819 da Ibrahim Dabo ya hau gadon sarauta ya kwantar da tawaye, kewayen birni ya zama mafaka, masaƙa da marina da maƙera da fatake suka cika ƙauyuka, aka kuma zaunar da bayi masu yawa a gandayen sarakuna da na attajirai. A wuraren da daji ke da faɗi, manomi kan bar gonar da ta gaji ta zama saura ya sare sabuwa. A nan kuwa babu inda zai sara, iyakar gonarsa ita ce farkon ta maƙwabcinsa. Irin wannan ƙasa da ake nomawa kowace damina ba hutu ita ce karkara, kuma dokarta ɗaya ce tak: abin da aka cire daga gona sai an mayar mata.

Yadda ake mayarwar ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ilimin yake. Da ruwa ya sauka sai a ɗaure awaki da tumaki a turke cikin gida, kada su ci yabanya, yara su riƙa yiwo musu ciyawa da ganyen da aka zage daga dawa. A gona ɗaya ana shuka gero da dawa, a raɓa wake da gyaɗa a tsakanin kunyoyi, kowanne da lokacin nunarsa, ta yadda in ruwa ya ɗauke da wuri ba a rasa duka ba. Da kaka, bayan an yanke hatsi an roro wake, ba a barin komai a fili: harawa a naɗe ta a ɗora bisa soro ko cikin rassan itace inda dabba ba ta kaiwa, kara a kai gida don danni da girki. Dabbobin su ci harawar cikin rani, kashinsu ya haɗu da tokar murhu da sharar tsakar gida da ragowar abincinsu, a tara a juji. Da bazara ta kama sai a kwashe shi a mangala, jaki ya kai gona, a zuba tsibi-tsibi, a bar shi sai an kusa shuka a watsa. Mai hali kuma ya yi shawara da Fulani su kwana da shanunsu a gonarsa, ya ba su hatsi. Gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya yi kore da rani, ba mai sare shi, domin kowa ya ga yadda gero ke tashi a gindinsa.

Birni ma yana cikin wannan zagaye. Da sassafe jakuna kan shiga ta Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Dawanau ɗauke da itace da kara da hatsi, su fito da sharar unguwanni da kashin dawakai da na tumakin da ake kiwo a cikin gidaje. Abin da birni ya ci, ragowarsa ta koma inda ya fito.

Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Ingila suka ci Kano, daga baya aka naɗa Sarki Abbas. Layin dogo ya iso a 1911, aka buɗe shi ga kaya a Afrilun 1912. Turawa auduga suka sa wa rai, don masaƙun Lankasha a Ingila, amma manomin Kano ya yi nasa lissafin: auduga tana da masu saye a gida waɗanda suka fi Bature biya, gyaɗa kuwa tana son jigawa, ana cin ta in yunwa ta zo, harawarta kuma abincin dabbobi ce. Fatake da suka saba da cinikin goro suka bazu ƙauyuka suna ba da kuɗi tun kafin shuka, sai gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga ƙasa da tan 3,000 a 1912 zuwa kimanin tan 19,000 a 1913. Yunwar 1914 ta dakatar da abin na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba, Alhassan Ɗantata ya zama babban dillalinsa, dalar gyaɗa ta tsaya kusa da tashar jirgi. Zuwa shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa a duniya. Shekaru kusan 40 na farkon wannan ciniki, wanda ya riƙe baitulmalin Arewa, an yi su ne da takin awaki da fartanya.

Sai dai jirgin ya buɗe kafa a zagayen da a da yake rufe. Kowane buhun gyaɗa da ya nufi Legas ya tafi da wani abu daga ƙarfin ƙasar, musamman sinadarin fosfaras da jigawa dama ba ta da shi da yawa, kuma babu jakin da zai dawo da shi daga Libaful. Ma'aikatar Gona ta lura. A 1928, ƙarƙashin darektanta O. T. Faulkner, ta soma shirin ba manoma shanun huɗa da garma bashi, da nufin su samu taki su kuma faɗaɗa noma. Shirin ya fi karɓuwa a ƙasashen auduga masu fili; a kewayen Kano, inda gona ƙarama ce kuma babu makiyaya, bai yi nisa ba a lokacin. A shekarun 1950 aka shigo da takin sufa don gyaɗa, malaman gona suna bi gari-gari suna nunawa. Daga nan ne taki ya rabu gida biyu a bakin mutane, na gargajiya da na zamani.

A 1962 wani malamin labarin ƙasa mai suna Michael Mortimore ya zo Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma zaɓi gundumar Ungogo don bincikensa, wanda ya fito a 1965 tare da J. Wilson. Ya tarar da fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nomawa kowace shekara, mutane ɗaruruwa a kowace murabba'in kilomita, jakuna suna ta jigilar taki daga birni kamar yadda kakanni suka yi. Masana da yawa a lokacin suna ganin ƙasar da aka matsa wa haka ƙarshenta hamada, kuma Mortimore ya shafe sauran rayuwarsa, har rasuwarsa a 2017, yana nuna cewa Kano ta ƙaryata wannan hasashe. Bai kamata dai a ƙawata labarin fiye da kima ba. Polly Hill, wadda ta zauna a Ɗorayi a 1971 zuwa 1972, ta rubuta irin talaucin magidantan da gonarsu ba ta ciyar da su. Taki yana bin dukiya: mai awaki 10 da jaki gonarsa tana ƙara kyau, wanda ya sayar da harawarsa da akuyarsa don ya ci abinci tasa tana ƙara mutuwa, ƙuduji ya mamaye ta.

Farin 1972 zuwa 1974 ya karya ƙauyuka, a 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta cinye amfanin shekarar, dalar gyaɗa ta ɓace ba ta sake tsayawa ba. Kuɗin man fetur ya maye gurbinta. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta karɓi sayo takin zamani da rarraba shi, tana biyan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗinsa. A farkon shekarun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka kafa hukumar raya noma ta jiha, KNARDA, da taimakon Bankin Duniya, da kamfanin KASCO mai sayar da kayan noma. Kamfa da yuriya suka shiga kowane ƙauye, amfani ya ƙaru, masara ta samu gindin zama a inda a da ba ta yi. Amma takin gwamnati yakan zo a makare, yakan bi ta hannun 'yan siyasa da 'yan kasuwa, kuma bayan tsuke bakin aljihu na 1986 ya yi ta tsada, har aka janye tallafin gaba ɗaya a 1997 kafin a maido da wani kaso a 1999. Manomin da ya ga wannan hawa da sauka bai yarda ya rushe jujinsa ba.

Hikimar hakan ta fito fili da aka auna. An gwada ƙasar wasu gonakin yankin a 1977, aka sake gwada ta a 1990, ba a ga alamar ƙarfinta ya faɗi ƙwarai ba, duk da fari biyu da ƙaruwar jama'a. A shekarun 1990 Frances Harris ta zauna da manoman Tumbau a ƙaramar hukumar Gezawa, tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita, ta gano cewa ginshiƙin tsarin shi ne wake da gyaɗa masu jawo naitirojin daga iska, da ƙananan dabbobin da ke mayar da harawa taki, har da ƙurar hunturu da ke sauka da nata ɗan rabon. Ta kuma ga manoman suna ƙarawa da ɗan takin zamani duk lokacin da suka samu, domin na gida ba ya isar kowace gona a kowace shekara. Masu bincike na cibiyar noma ta IITA a Kano, ƙarƙashin B. B. Singh, suka ɗora a kan wannan tushe, suka fitar da irin wake mai ba da ƙwaya da harawa tare, suka gwada shi da manoman Bichi: layi 2 na dawa, layi 4 na wake.

A duk tsawon waɗannan shekaru wata kasuwa tana tasowa a ƙetare, ta abincin noma marar sinadari. Albert Howard, wanda ya koyi haɗa taki daga manoman Indiya, ya wallafa littafinsa kan irin wannan noma a 1940. A 1972 aka kafa ƙungiyar masu wannan noma ta duniya, IFOAM, a Faransa. A 1991 Turai ta yi dokar da ta fayyace abincin da za a kira na noma marar sinadari. Yau cinikin irin wannan abinci ya wuce Yuro biliyan 100 a shekara. Uganda da Habasha da Tanzaniya sun shigar da dubban ɗaruruwan ƙananan manoma cikinsa, Togo kuma ta zama cikin manyan masu kai wa Turai waken soya mai takardar shaidar noma marar sinadari. A Nijeriya yunƙurin ya taso ne daga jami'o'in Kudu maso Yamma, aka kafa ƙungiyar masu wannan noma ta NOAN a 2008, Tarayyar Afirka ta amince da tallafa wa irin wannan noma a Janairun 2011, aka yi babban taronsa na nahiyar a Legas a Oktoban 2015. Karkarar Kano, wadda ta daɗe tana wannan aiki, ba ta taka wata rawa a cikin tafiyar ba.

A shekarar 2015 ɗin ce ma, cikin watan Yuni, Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an yi ta samun maganin ƙwari na dichlorvos a cikinsa fiye da ƙa'ida, wani har miligiram 4.6 a kilo alhali iyakar da aka yarda 0.01 ce. Wannan shi ne maganin da ake kira fiya-fiya, kuma a sito ake zuba shi don gudun ƙwaro, ko da yake tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai ninki uku na PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue da takwarorinsu na Maraɗi suka tabbatar yana kashe ƙwaron ta hanyar hana shi iska. A gona ma abubuwa sun sauya. Tsadar ƙodago ta sa feshin ciyawa ya maye gurbin noman firi a wurare da dama. Sharar birni, wadda yanzu tifa ke kaiwa, cike take da leda da kwalba da batir, sai an zauna an tsince. Ruwan Jakara da Getsi da ake ban-ruwan lambu da shi yana ɗauke da dagwalon masana'antu. Duk mai cewa noman karkarar Kano a yau tsarkakakke ne daga sinadari, bai leƙa gonakin ba.

Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022 kuɗin takin zamani ya yi tashin gwauron zabo, janye tallafin fetur a Mayun 2023 ya ƙara masa, sai takin gida ya koma haja sosai: ana cinikin kashin kaji buhu-buhu, ana sayen juji tun kafin bazara. A kasuwar Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a ƙasar Dawakin Tofa, riɗi da zoɓo su ne kan gaba a kayan da ake fitarwa waje, kuma dukansu amfani ne da ba ya bukatar taki mai yawa. A nan ne nake ganin ƙofar cinikin noma marar sinadari take, maimakon mafarkin raba gero da masarar mutum miliyoyi da takin zamani, abin da awakin yankin ba za su iya ɗauka ba. Sharuɗɗan samun takardar shaidar kuwa sanannu ne. Dokar Turai tana son gona ta yi shekara 2 ba sinadari kafin shuka, ta Amurka shekara 3 kafin girbi. A rubuta abin da aka zuba a kowace gona. Mai duba ya zo. A ware kayan daga gona har jirgin ruwa. Manomi mai ɗan fili ba zai iya biyan wannan shi kaɗai ba, shi ya sa doka ta yarda a ba ƙungiyar manoma shaida guda, kuma aikin haɗa su da horar da masu rubutu da gina sito mai tsabta ya rataya ne a wuyan KNARDA da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero da manyan 'yan kasuwar Dawanau. Kafin a yi wannan, riɗin da ya tashi a kan takin awaki da wanda ya sha feshi mudu ɗaya ake auna su, kuɗi ɗaya ake biyan masu su.